Tuban Muzuru da Gafarar Gaskiya

Akwai maganganu uku da ke kashe shari'a a Damagaram tun kafin ta kai gaban alƙali: a yi haƙuri, a rufa asiri, a bar wa Allah. Ana jinsu a zauren mai unguwa, a rumfunan Kasuwar Dole, a fadar samari wajen shan shayi. Ana kuma jinsu a cikin majami'a bayan an tashi sujada, sa'ad da dattawa suka turo ƙofa suka zaunar da mutum biyu da suka saɓa. Dukansu maganganun kirki ne, mai hankali ba zai ƙi su ba. Abin da ke damuna shi ne wanda ake faɗa wa su. Galibi wanda aka cuta ake juyowa a yi ta ba haƙuri, shi kuwa macucin ya sunkuyar da kai, ya ce a gafarce shi, a yi addu'a, a watse, kuɗin mutane na nan cikin aljihunsa. Hausawa sun daɗe da raɗa wa wannan suna: tuban muzuru, kaza a baki.

Wannan ba koyarwar Kirista ba ce, ko da a cikin majami'a aka yi shi, ko da an buɗe da addu'a an rufe da addu'a. Kuma shi ke ƙara wa wani tsohon zargi ƙarfi, wanda maƙwabtanmu Musulmi kan yi mana, wani cikin raha, wani da gaske: wai ku kun ce an riga an ɗauke muku zunubi, saboda haka kowa ya ci karensa ba babbaka. Manzo Bulus ya ji irin wannan magana tun a zamaninsa, ya amsa ta a Romawa sura 6, inda ya tambaya ko za mu ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru, ya ce sam. Sai dai amsar baki ba ta wanke mu, muddin abin da ake gani a zamanmu yana gaskata zargin.

Bari mu fara da abin da ake iya ƙirgawa, domin nan ne daɗin baki ba ya ruɗin kowa. Littafin Firistoci sura 6, aya 1 zuwa 7 (a wasu fassarorin Faransanci yana ƙarshen sura 5), ya jera laifofin da duk ɗan kasuwa ya sani: cin amanar ajiya, danne jingina, ƙwace, zaluntar maƙwabci, tsintar abu a yi musunsa, rantsuwa a kan ƙarya. Aka ce mai laifin ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar na darajarsa, ya danƙa wa mai shi, sa'an nan ya kai rago marar lahani wurin firist domin hadaya. A lura da jerin: mai haƙƙi tukuna, bagade daga baya. Littafin Ƙidaya sura 5 ya maimaita ƙa'idar, ya ƙara da cewa sai mutum ya furta laifin da bakinsa. Wannan ma'aunin na wanda lamirinsa ya hana shi barci ne har ya fito da kansa. Wanda kuwa sai da aka kama shi, Fitowa sura 22 ta fi tsananta masa. In an sami dabbar da ya sata da rai a hannunsa ya biya ninki biyu, in ya yanka ko ya sayar ya biya shanu biyar a bakin sa ɗaya, tumaki huɗu a bakin tunkiya ɗaya. A nan ne kuma aka ce wanda ya saki dabbobinsa suka yi ɓarna a gonar wani ya biya daga mafi kyawun amfanin gonarsa. Manoma da makiyayan Mirriya da Tanut ba sa bukatar a fassara musu wannan aya. A sura 21, wanda ya ji wa wani rauni a faɗa shi zai ɗauki jinyarsa har ya warke, ya kuma biya shi kwanakin da ya yi a kwance bai nemi abinci ba.

Za a ce ai wannan Shari'ar Musa ce, mu muna ƙarƙashin alheri. Haka ne, ba ma kai rago bagade, ba kuma wanda ya ce kotun Zinder ta koma hukunci da Littafin Fitowa. Amma Yesu bai sauya jerin nan ba. A Matiyu 5:23-24 ya ce in ka zo miƙa baikonka, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon nan gaban bagade, ka je ku shirya tukuna, sa'an nan ka dawo. Bai ce in kai ne aka ɓata wa rai ba; ya ce in kai ne ake bi. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, ya fahimci wannan ba tare da an yi masa wa'azi ba. Ya miƙe tsaye a gaban jama'a ya ce rabin dukiyarsa ya ba matalauta, duk wanda ya zambata kuma zai mayar masa ninki huɗu. Yana iya tsayawa a kan kashi ɗaya cikin biyar tunda shi ya fito da kansa, amma sai ya auna kansa da ma'aunin ɓarawon tunkiya. Bayan wannan maganar ne Yesu ya ce yau ceto ya sauka a gidan nan. Kuɗin ba su saya masa ceto ba, ba wani Kirista da zai ce haka. Su ne dai shaidar da mutanen Yariko za su iya riƙewa a hannu cewa mutumin ya sake.

Ikilisiya ba ta taɓa barin wannan koyarwa ba, mu ne muka yi sakaci da ita. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a shekarar 430, ya rubuta wa wani jami'in mulkin Roma cewa ba a gafarta zunubi sai an mayar da abin da aka ɗauka, muddin mayarwar tana yiwuwa. Katikizim na Katolika na 1992, wato littafin koyarwar ikilisiyar, a sakin layi na 1459, ya kawo misalai uku ƙarara: a mayar da kayan sata, a wanke sunan wanda aka yi wa ƙazafi, a biya diyyar rauni. Musulmin da ya san bambancin haƙƙin Allah da haƙƙin bayi zai ga abin ba baƙo ba ne a wurinsa.

To, yaya ake yinsa a aikace? A ɗauki uwar adashi mai riƙe wa mata goma zubin jikka biyar-biyar, ta cinye kwasar mutum ɗaya, jikka hamsin. In tubanta na gaskiya ne, abin da ke kanta jikka hamsin ne da ƙarin goma, sittin ke nan. Ba ta da su a dunƙule? Sai a rubuta a takarda gaban shaidu biyu: jikka biyar kowace Alhamis bayan an tashi kasuwa, mako goma sha biyu, kowane biya a sa hannu ko a dangwala yatsa. Inda abin ke lalacewa shi ne a bar shi a kan "zan riƙa ba ta kaɗan-kaɗan". Ba adadi, ba rana, ba shaida. Bayan wata biyu mai haƙƙi ta zama ita ce mai naci, ana kallonta a matsayin wadda ba ta iya yafiya, har ta gaji ta bari. Haka kuma a hatsi. Wanda ya danne wa wani buhun gero, tiya arba'in, a tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka ƙare, sa'an nan ya zo da kuɗin buhu a farashin kaka yana cewa ya biya, ya cuci mutumin sau biyu. Abin da ake aunawa shi ne asarar da mai abu ya yi a ranar da aka raba shi da abinsa, har da bashin da ya ci don ya ciyar da gidansa. Kuma ƙarin kashi ɗaya cikin biyar ɗin nan yana da hikima. In ɓarawo abin da ya ɗauka kaɗai zai mayar, to sata ta zama rance marar ruwa, wanda ba a biya sai in an kama ka.

Wanda ya fi wuya shi ne abin da ba ya shiga tiya. Mutum ya ce matar wani tana bin maza, maganar ta zaga unguwa, ta shiga zauren WhatsApp na zumuntar mata, aure ya girgiza. Sai ya laɓaɓa da dare ya ce mata ta yafe masa. Wannan bai biya komai ba. Inda aka zubar da mutunci nan ake kwashe shi: zauren da ya rubuta ƙaryar nan zai rubuta cewa ƙarya ya yi, da sunansa, ba da "an samu rashin fahimta" ba, ya kuma taka ya sami mijin da iyayenta. Furcin da ya fara da "in na ɓata miki rai" ko "Shaiɗan ne" ba furci ba ne. Dawuda da annabi Natan ya tsare shi kan sa a kashe Uriya da ɗauke matarsa Batsheba bai kawo hanzari ba, cewa ya yi na yi wa Ubangiji zunubi.

Kowane ɓangare na ikilisiya yana da ramin da yakan faɗa. A Katolika tsarin a bayyane yake: mutum ya binciki lamirinsa, ya yi nadama, ya furta wa firist, ya karɓi gafara, ya cika aikin tuban da aka ɗora masa. Firist ba ya da ikon fitar da abin da ya ji ko da za a kashe shi, kuma wannan sirri abu ne mai daraja, domin shi ke sa mutum ya faɗi abin da ba zai faɗa wa uwarsa ba. Ramin shi ne mai tuba ya ɗauki kalmar gafara tamkar takardar shaidar biya, ya karanta addu'o'in da aka ba shi, ya manta da ƙofar gidan da ya kamata ya ƙwanƙwasa. A ikilisiyoyin bishara kuwa akwai horo: a sanar da laifin, a dakatar da mutum daga Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, na wasu watanni, ya koma bencin baya, in wa'adi ya cika a karɓe shi da waƙa. Sau da yawa ana ƙirga watannin daidai, amma ba a tambayi ko gwauruwar da ya cinye wa kuɗin fili ta ga ko dala ba. Horon nan kuma yakan fi sauka a kan laifin da ba ya ɓoyuwa. Yarinya ta yi ciki, ita ce a bencin baya, wanda ya yi mata yana gaba yana kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa. Waɗanda suka jawo macen da aka kama tana zina gaban Yesu a Yahaya sura 8 haka suka yi, suka kawo ta ita kaɗai, alhali dokar da suke riƙe da ita ta ambaci namiji da mace duka.

Yesu ya bar mana hanya a Matiyu 18:15-17, kuma kowane mataki yana da dalilinsa. Da fari ka sami mutumin ku biyu kaɗai, ka faɗa masa laifinsa. Ka faɗi abin da ya yi, da rana, da adadi, ban da tone-tonen halin kakanninsa. Wannan yana kare shi daga kunya in kuskure ne, yana kare ka daga gulma. In bai ji ba, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu. A nan ake yawan ɓata lamarin, domin ana ɗauko ƙanen mai ƙara, ko wanda ke cin abinci a hannun wanda ake ƙara. Shaida sai wanda ba ya jin tsoron kowa cikinsu kuma ba ya bin kowa bashi. In ya ƙi su, a kai wa ikilisiya. In ya ƙi ikilisiya, a ɗauke shi kamar bare. Ko wannan na ƙarshe ba don a hallaka shi ba ne. Bulus da ya sa Korantiyawa su hori wani, shi ne kuma ya rubuta musu a wasiƙa ta biyu cewa horon ya isa, su gafarta wa mai laifi, su ƙarfafa shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Kuma babba bai fi ƙarfin wannan hanya ba. A 1 Timoti 5:19-20 an ce kada a karɓi ƙarar dattijo sai da shaidu biyu ko uku, amma in ta tabbata a tsawata masa a gaban kowa. Mukan riƙe rabin farko mu saki na biyu.

Akwai laifin da wannan hanya ba ta ɗauka, kuma dole a faɗe shi ba kwana-kwana. Fyaɗe, lalata da yaro, dukan da ya kai ga rauni, kisa: waɗannan na hukuma ne. Sarakunanmu na gargajiya suna da ikon sulhu a kan gona, gado, aure da bashi, amma babban laifi ba a zaure yake ƙarewa ba, balle a ofishin fasto. Ba a ce wa yarinya ƴar shekara goma sha biyu ta je ta sami wanda ya lalata ta su biyu kaɗai. Abin yi shi ne a kai ta asibiti nan da nan, kafin awa 72 su cika, domin maganin kariya daga ƙanjamau a cikin wannan lokacin yake aiki, a karɓi takardar likita, a sanar da ƴan sanda ko jandarmomi, a kuma raba mutumin da duk wani aiki da ke haɗa shi da yara tun daga ranar. Masu kawo 1 Korantiyawa sura 6 su ce an hana ɗan'uwa kai ɗan'uwa kotu, su sake karantawa: Bulus da kansa ya kira abin da yake magana a kai ƙananan al'amura na zaman yau da kullum. Shi ne kuma ya rubuta a Romawa sura 13 cewa mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba, bawan Allah ne don hukunta mai mugunta. Da aka yi wa Bulus bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, aka aiko da safe a sake shi a ɓoye, ƙi ya yi, ya ce sai mahukuntan sun zo da kansu sun fitar da shi.

Na san abin da ke sa dattawa rufa-rufa, kuma ba duka mugunta ba ce. Mu ƴan kaɗan ne a garin nan, ana ganin in abin kunya ya fita za a yi mana dariya, a ce ga halinsu. Tsoron na gaske ne. Amma tun 1924 da mishan ta SIM, ƙungiyar masu wa'azin bishara daga ƙasashen waje, ta buɗe aikinta a Zinder, shekara ɗari ke nan da ɗoriya, ikilisiya ta wuce matsayin jaririn da iska za ta kashe. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Ran da abin ya fito, kuma yakan fito, ba laifin mutum ɗaya za a gani ba, za a ga jama'ar da ta sani ta yi shiru. Yesu ya ce wanda ya sa ɗaya daga cikin ƙananan nan tuntuɓe, gara a rataya masa dutsen niƙa a wuya a jefa shi teku. Bai keɓe wanda ya yi haka don kare sunan majami'a ba.

To ina gafarar? Tana nan, kuma wajibi ce, ba na neman rage mata ko ƙwayar gero. Duk mai yin Addu'ar Ubangiji yana roƙon a gafarta masa kamar yadda yake gafarta wa masu yi masa laifi, wato da bakinsa yake yanka wa kansa ma'auni. Abin da ke rikita mu shi ne mun cusa abubuwa uku cikin kalma ɗaya. Yafewa ita ce ka sauke niyyar ramuwa, ka daina yi wa mutum fatan sharri, ka iya yi masa addu'a. Wannan kai kaɗai kake yinta, ko ya tuba ko bai tuba ba, kamar yadda Yesu ya roƙa wa masu gicciye shi. Sulhu kuwa sai da mutum biyu, shi ya sa Luka 17:3 ya ce in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka gafarta masa. Amana ita ce ta uku, ita kuma lokaci ke gina ta. Ma'ajin da ya taɓa baiko ana iya yafe masa yau, a ci tuwo da shi gobe, amma mayar masa da makullin akwati jibi ba ƙauna ba ce, tura shi ne cikin jarabar da ta riga ta kayar da shi. Matar da mijinta ya karya wa hannu tana iya yafe masa tana zaune a gidan ubanta, ba wanda ke da ikon ce mata gafararta ba ta cika ba sai ta koma ɗakin.

Duniya ta ga wannan a fili. Ranar 13 ga Mayun 1981 Mehmet Ali Agca ya harbi Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu a Roma. Kwana huɗu bayan haka, daga gadon asibiti, Fafaroman ya sanar cewa ya yafe masa, a Disambar 1983 kuma ya je har kurkuku ya zauna da shi. Duk da haka mutumin bai bar kurkukun Italiya ba sai a shekarar 2000, lokacin da shugaban ƙasar ya yi masa afuwa aka miƙa shi Turkiyya. Ba wanda ya ce gafarar ta ƙarya ce don ƙofar kurkuku ba ta buɗe a ranar ba. Haka Dawuda: Natan ya ce masa Ubangiji ya kawar da zunubinka, ba za ka mutu ba, amma ya gaya masa takobi ba zai rabu da gidansa ba, kuma bai rabu ba.

Misalin bawa marar tausayi a Matiyu sura 18 ana yawan karanta shi a kan wanda aka cuta, don a sa shi ya yi shiru. A duba lissafinsa da kyau. Sarki yana bin bawan talanti dubu goma, ya kuma yafe masa duka. Talanti ɗaya dinari dubu shida ne, dinari kuma ladan lebura ne na yini guda, wato ladan yini miliyan sittin. Mai aiki kwana ɗari uku a shekara sai ya yi shekara dubu ɗari biyu kafin ya biya. Wannan shi ne bashinmu a wurin Allah, ba a biyansa, sai dai a yafe. Shi kuma bawan yana bin abokin bautarsa dinari ɗari, ladan wata uku da ɗoriya. Ba ƙaramin kuɗi ba ne ga talaka, Yesu bai ce ba komai ba ne. Abokin kuma bai yi musu ba, ya durƙusa ya ce a yi masa haƙuri zai biya. Laifin bawan shi ne ya shaƙe wuyan mutumin da ya amsa bashinsa yana roƙon lokaci. Misalin bai ce komai ba a kan wanda ya ci ya goge baki. Akwai kuma wasu mutane a cikin labarin da ba a cika kula da su ba: sauran bayin da suka ga abin da ya faru, ransu ya ɓaci, suka je suka gaya wa sarki. Ba a kira su magulmata ba.

Duk wannan yana tsaye ne a kan shari'ar Allah, wadda wa'azinmu ya fara jin nauyin ambata. Katolika da masu bishara sun saɓa a kan wurin tsarkakewa bayan mutuwa, na farko sun yarda da shi, na biyu ba su yarda ba, amma dukansu suna furta cewa Almasihu zai dawo ya yi wa rayayyu da matattu shari'a. Ezekiyel sura 18 ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, uba ba zai ɗauki na ɗa ba. Romawa 14:12 ta ce kowannenmu zai ba da lissafin kansa ga Allah. Ga masu bi aka rubuta 2 Korantiyawa 5:10, cewa dukanmu za mu bayyana gaban kursiyin shari'a na Almasihu, kowa ya karɓi sakamakon abin da ya yi cikin jiki. Yakubu ya ce ladan masu girbi da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji, ya ce masu koyarwa za a yi musu shari'a mafi tsanani. Bangaskiyarmu ita ce Allah bai kau da kai daga zunubi ba, a kan gicciye ya hukunta shi, domin ya zama mai adalci kuma mai kuɓutar da wanda ya gaskata, kamar yadda Romawa sura 3 ta faɗa. Wanda ya yarda gafararsa jini ta ci ba zai iya ɗaukar zunubi abin wasa ba. Saboda haka "na bar wa Allah" magana ce mai nauyi. A bakin wanda aka cuta, ita ce ke sauke wuƙa daga hannunsa, tunda ramuwa ta Ubangiji ce. A kunnen macuci kuwa kamata ya yi ta hana shi barci, domin an ɗauke shari'arsa daga hannun wanda zai iya lallashi an kai ta inda ba a karɓar toshiya. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Garin nan ya taɓa gwada mu a kan wannan. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, bayan zanga-zangar fushi kan zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Faransa, aka ƙona majami'u a Zinder, washegari wutar ta kai Yamai, mutum goma suka rasu a biranen biyu. Iyalai da dama a barikin soja suka fake, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su cikin gidajensu. Shugabannin Kirista suka fito suka ce sun yafe, suka hana ramuwa, kuma daidai suka yi. Amma yafewar tasu ba ta sauke wa hukuma nauyin bincike da kare kowane ɗan ƙasa ba, ba ta kuma halatta wa kowa abin da ya kwasa a ranar ba. Wanda keken ɗinki ko babur na wannan rana ke hannunsa har yau, addininsa da namu duka hanya ɗaya suka nuna masa. Mu kuma da muka san zafin a ce mana mu yi haƙuri a wuce, bai kamata mu juya mu faɗa wa marainiya ko gwauruwa irin wannan maganar a cikin gidanmu ba.

Saura wanda ba shi da abin biya. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu hannuwansa a kafe suke, bai mayar da ko allura ba, aka ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi. Amma ya yi abin da ya rage masa: ya ce hukuncin da ake yi mana daidai ne, sakamakon ayyukanmu muke karɓa. Wanda talauci ya ɗaure shi ma yana da abin da ya rage masa. Ya je ya amsa adadin da bakinsa, ya biya da ƙarfinsa, kwanakin noma a gonar mai haƙƙi, ko ɗinki, ko jigilar kaya a kabu-kabu, a ƙiyasta kowane yini da kuɗinsa a rage. Mai haƙƙi yana da iko ya ce na bar maka sauran, ko ya bar masa duka, kuma wannan kyauta ce mai girma a gaban Allah. Sai dai tasa ce. Fasto ko dattijo ba ya yafe kuɗin da ba nasa ba, ba ya kuma matsa wa talaka a gaban jama'a har kunya ta sa ya ce ya yafe. In ikilisiya tana son ta sauƙaƙa wa mai tuba, ta sa hannu a asusunta ta taya shi biya, kamar yadda Bulus ya rubuta wa Filimon game da bawansa Onisimus cewa in yana binsa wani abu a ɗora a kansa, shi zai biya.

In mai haƙƙin ya rasu, a kai wa magadansa, a gaya musu ko na mene ne, kada a shigar da shi a matsayin gudummawar ta'aziyya. In an nema an rasa shi da danginsa, kamar fasinjan da aka danne wa canji a tasha ko masu sayen da aka yi wa shekaru ana tauye musu mudu, Littafin Ƙidaya 5:8 ya ce abin na Ubangiji ne. Mai tauye mudu ya fara da gyara mudun, ya riƙa cika wa masu saye da ƙari har ya kai ƙiyasin abin da ya ci. Sauran a ba mabukata a ɓoye. Ba ya shiga lissafin ushirinsa, ba a kuma kiran sunansa a sanarwar ranar Lahadi cikin masu ba da kyauta.